Direban da Ke Taɓa Dogo

Wani dare na ji wata ƙara da ban san irinta ba. Ba ɓera ba ne, ba kuma iska ce ke kaɗa ƙyaure ba. Ƙarfe ake bugawa da ƙarfe, ƙwal, sai a yi shiru kamar tsawon ƙirga goma, sai a sake. Ta bangon da ya raba ɗakina da gidan maƙwabta take shigowa. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina gyaran agogo, kunnena ya saba da ƙananan sauti. Na tashi zaune na ƙirga, sau goma sha bakwai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kowane bugu ya fi wanda ya gabace shi ƙarfi, kamar mai yi yana kiran wani da ya ƙi amsawa.

Na rubuta a littafina. Ina da wani littafi mai shuɗin bango da nake zuba irin waɗannan abubuwa: ranar da na ga gajimare mai siffar raƙumi da ƙafa biyar, ranar da kazar mai shago ta yi cara, da lokacin da kowane jirgin ƙasa ke wucewa ta bayan unguwarmu. A aji huɗu karatuna ya tsaya, amma hannuna bai tsaya ba.

Ɗakin da ke bayan bangon na wani direban bas ne. A tasha Sannu-Sannu ake ce masa, don bai taɓa yarda fasinja ya sa shi gudu ba. Motar ta gidansu ce, amma wansa ke riƙe da takardunta, shi ya sa kowa ke ce wa wan nasa Mai Mota. Lasin ɗaukar fasinja kuwa ƙanin ne kaɗai ke da shi. A gidan akwai tsohuwarsu, Inna, akwai Mai Mota da iyalinsa, akwai matar direban da 'ya'yanta. Baki goma sha uku, duk daga ƙafar mutum ɗaya a kan totur suke ci.

Da safe na tarar da matar direban a bakin famfo.

"Uwar yara, jiya me ake dakawa a ɗakinku?"

"A ɗakinmu, Baba?" Ba ta ɗago ba. "Ba mu daka komai ba. Wataƙila agogunanka ne suka yi maka faɗa."

Mai Ɗinki, bazawarar da ɗakinta ke kallon nawa, tana tsaye da bokitinta. Ta yi dariya ta ce, "Tsohon nan wata rana zai ji tururuwa na tari." Amma na ga ta bi matar da kallo har ta shige, kuma matar ta tafi da bokitin bai cika ba.

Daga ranar na sa ido. Na gaishe da Sannu-Sannu daga baya yana wanke gilashi, bai waiwayo ba. Na zagayo ta gabansa, ya yi firgigit, ya gaishe ni da murya kamar yana kiran fasinja a tsakiyar kasuwa. Idonsa a kan bakina yake, ba a kan idona ba. Rediyonsa da ba ya rabuwa da shi, na gan shi a hannun yara sun farke masa baya. Kuma duk wanda ya zo magana da shi, kafin ya rufe baki wani daga cikin gida ya ɓullo. "Ya gaji ne." "Azumin magana yake yau, faɗa mini ni." Mai Mota, wanda da sai rana ta take yake fitowa, ya koma kamar inuwar ƙaninsa.

Unguwa ba ta rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce girman kai ne. Mai shago ya ce ƙwaya ce, ya san idon masu sha. Sai kuma labari ya zo daga tasha cewa Sannu-Sannu ya shiga tsafi. Wai in ya isa inda titi ke tsallake layin dogo, sai ya fito daga mota ya durƙusa ya dafa ƙarfen da tafin hannu, ya rufe ido, sannan ya dawo ya ja.

Wannan kam ba zan iya jin sa a bakin wani ba. Na sa hulata na tafi tasha, ba ni da inda za ni, na shiga motarsa.

Na san wurin da titin ke tsallake dogon. Sandar da ke rufe hanya in jirgi na zuwa ta daɗe da karyewa, guntunta kawai ya rage, yara na lilo a kai. Ta hagu akwai doguwar katangar wani tsohon sito, dogon kuma ta bayanta yake lanƙwasowa. Ido ba ya aiki a nan sai ka kusa ɗora hancin mota a kan ƙarfe. Kunne ne ke tsallakar da mutane. Shi da kansa ya taɓa gaya mini haka shekarun baya, muna zaune a kan benci.

"Baba, dogo ba titi ba ne," in ji shi a lokacin. "A titi kai da ɗan'uwanka direba kuna yi wa juna uzuri. Jirgi bai san uzuri ba. Ba shi da sitiyarin kaucewa, birkinsa kuma sai ya yi tafiyar nan zuwa kasuwa kafin ya kama. Mai ɗaukar mutane dole ya tsaya cik, da jirgi da babu. Ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka ce wa fasinja su yi shiru. Ka duba nan, ka duba can, ka sake dubawa. Ka saurara. Kada ka hau sai ka ga wurin da motarka za ta fita gaba ɗaya a ƙetare. In ka hau kuwa, giyar da ta shigar da kai ita za ta fitar da kai, kada hannunka ya taɓa ta."

Ranar da na bi shi, duk ya yi waɗannan. Ya tsaya, ya sauke gilashi, ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya karkata kai waje kamar mai saurare. Sannan ya ja birkin hannu ya fita.

"To, an tafi gai da iyayen gida," in ji wani mai jaka a gaba.

"Direba, ka ce musu muna sauri."

"In sun ba da sa'a a raba da mu."

A kujerar baya can akwai wani dattijo mai sayar da ƙwai, ya rungume kiret huɗu a cinya. Ya ce, "Ku bar bawan Allah. Shekara tara ina bin motar nan, ƙwaina ɗaya bai taɓa fashewa ba. In dogo yake so ya sumbata, ya sumbata."

Sannu-Sannu ya durƙusa, tafinsa a kan ƙarfe. Ya daɗe. Motocin baya suka dinga danna ham, bai ko motsa kafaɗa ba. Ya miƙe ya ja da baya, ya tsaya gaban motar ya harɗe hannu. Mai jaka ya fara zagi. Ni kuwa na riga na ji shi, can ƙasa-ƙasa, ƙarfen yana wani siririn kuka kamar an ja wuƙa a kan faranti. Kafin zagin ya ƙare jirgin kaya ya ɓullo ta bayan katanga, tarago talatin da ɗaya, na ƙirga.

Mai jaka ya ce a hankali, "Aikin nasa yana ci." Haka labarin tsafi ya ƙara ƙarfi, ni ma na dawo gida na rubuta shi cikin jin daɗi, har na zana hannu a kan dogo a gefen shafin.

Bayan kwana biyu ya zo rumfata da la'asar, shi kaɗai, yana waige-waige. Ya ciro agogon tebur daga aljihu, irin mai ƙararrawa biyu a ka.

"Baba, duba mini wannan. Ya daina kaɗawa."

Na murɗa shi na kai allura kan lokacin kaɗawa. Agogo ya ɗauki kuka har kazar mai shago ta tashi sama. Yana riƙe da shi a tafinsa, yana kallon ɗan gudumar tana rawa tsakanin ƙararrawa biyu. Ya kai shi kunnen dama. Ya kai shi na hagu. Ya ajiye a kan teburina, ya zauna a ƙasa.

"Lafiyarsa lau ko?" ya ce.

Na gyaɗa kai.

"Na sani. So nake wani ya gaya mini, don a gida kowa cewa yake agogon ne."

Na ɗauko takardar da nake naɗe ƙananan kusoshi na rubuta masa: tun yaushe?

"Tun zazzaɓin bara. Kunnen dama ya fara tafiya, na hagu ya bi shi. Akwai guntun ƙarfen dogo a ƙarƙashin gadona, shi nake bugawa da sifana in gwada. Da ina jin sa kamar daga cikin rijiya. Yanzu sai a haƙorana nake jin sa." Ya shafa fuska. "Doka ta ce ka tsaya, ka duba, ka saurara. Biyu suka rage mini, Baba. Na ukun da hannu nake ara. Kuma hannu ba kunne ba ne. Kafin in taka daga dogo in koma mota in ja, ai an yi tafiya."

Na rubuta: ka gaya wa wanka?

Ya yi wata dariya mara sauti. "Sau uku. Na ce a nemo direba, ni in koma wankin mota ko facin taya, ina da hannu. Yaya ya ce in bari a ga bayan damina."

Washegari na shiga gidan. Mai Mota na zaune a tabarma yana yanke farce, Inna na gefe tana tsince shinkafa. Na faɗi abin da ya kawo ni a hankali yadda zan iya.

"Baba," in ji Mai Mota, "da kunne ake riƙe sitiyari?"

"Da kunne ake tsallake dogo."

"Ya taɓa buge ko akuya? Shekara ashirin. To me ake ci da gaggawa? Kai ka san direbobin yanzu. In na kawo bare, wata uku ya mayar mini da motar nan gwangwani. Gara namu, ko ba ya ji yana gani."

"Mura ce ta toshe shi," in ji Inna, ba ta daina tsinta ba. "Ina ɗiga masa man zaitun. Ubansu ma haka ya yi wata shekara, ya buɗe da kansa."

"Inna, wata goma sha ɗaya mura?"

Sai ta ɗago. "Malam, kai ba ka haifa ba, ba ka san zafin a kira ɗanka kurma a bainar jama'a ba. Asirin gida a gida yake kwana. A bar kaza cikin gashinta."

Mai Mota ya raka ni har ƙofa, hannunsa a kafaɗata, yana murmushi. "Mutane suna cewa tsafi yake yi, ko? Bar su. Tsafi ba ya hana lasin." Ya matse kafaɗar kaɗan. "Kai kuma kowa ya san ka da jiye-jiye da gane-gane. Raƙumi mai ƙafa biyar. In ka fita da wannan magana, wa kake gani za a ɗauka ya taɓu?"

A zaure matar direban ta tare ni, muryarta ƙasa. "Baba, kada ka ga laifina. In ya ajiye makullin nan, me zan zuba a tukunya? Ni a gidan nan baƙuwa ce, ba a tambayata. Kullum in ya fita hankalina ba ya kwanciya har ya dawo." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙara da cewa, "Amma dai kada ka gaya wa kowa."

Ban gaya wa kowa ba.

Lokacin sabunta lasin ya zo, ana bukatar takardar likita. Mai Mota ya sa manyan kaya ya raka shi. Da azahar suka dawo da takarda mai hatimi, an rubuta ido lafiya, kunne lafiya. Yadda aka yi ban sani ba, ban je ba. Na dai ga Sannu-Sannu ya zauna a ƙofar gida ya buɗe ta a kan gwiwa, yana karanta wurin da aka ce yana ji.

Daga nan sai igiya. Tunda ba ya jin agogo, ba ya jin kiran salla, ba ya jin bugun ƙofa, sau biyu ya makara layin farko a tasha ya wuce shi. Mai Mota ya samo doguwar igiyar shanya, shuɗiya. Aka ɗaura bakinta ɗaya a babban yatsan ƙafar ƙaninsa, aka fito da ita ta taga, aka bi da ita jikin bango a kan ƙusoshi uku har ƙofar ɗakin wan. Da asuba ba sai ya fito cikin sanyi ba, daga kan gado zai miƙa hannu ya fizga. Ta kan katangata ina hango ta. In an ja, takan yi wani ɗan kuka a kan ƙusa ta tsakiya. Shi ma na rubuta.

Mai Ɗinki ta gan ta ranar da ta kai wa Inna ɗinki. Ta tambaya, aka ce ta shanya ce.

"Shanya a jikin bango?" ta ce mini daga baya. "Kayan ƙadangaru ake shanyawa?"

Sannu-Sannu ya fara ramewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In ya dawo da yamma ba ya shiga gida, sai ya zauna cikin motar a kashe, hannu biyu a kan sitiyari, har duhu ya fara. Rannan da asuba ya ƙi fita aiki. Aka ja igiya, ya kwance ta ya ajiye. Ya fito tsakar gida ya ɗora makulli a gaban wansa, ya ce da ƙarfin da duk unguwa ta ji, "Yaya, na gama. Rayukan mutane ne."

Ba wanda ya yi masa faɗa. Wuta kawai aka daina hurawa. Ranar farko na ɗauka itace ya ƙare. Rana ta biyu na leƙa, na ga buhun shinkafa a jingine inda yake, na ga an jera yaran gidan bakwai a ƙofar ɗakinsa, kowanne da kwanonsa babu komai a ciki. Ba su san me ake yi ba, aka ce su zauna suka zauna. Ƙaramar 'yarsa tana buga nata da cokali. Shi bai ji ba, amma da ya ɗaga labule ya gani. Inna na zaune nesa tana jan carbi, ta ce ba da kowa ba, "Wanda ya ƙi jin tausayin uwa, ya ji na 'ya'ya."

Rana ta huɗu da asuba igiya ta yi kuka a kan ƙusa, na ji mota ta tashi.

Amma yanzu da sabon tsari. Fasinja sun fara gudun motar, wasu don tsoron tsafi, wasu don ɓata lokaci. Mai Mota ya hana taɓa dogo. Ya ce shi zai riƙa zama a kujerar gaba.

"Ni ne kunnenka," ya ce, yana nuna kunnensa yana nuna ƙirjinsa, a gabana aka yi. "In mun isa ka tsaya yadda ka saba. Ni zan saurara. In na buga maka gwiwa sau biyu, ka ja. In ban buga ba, kada ka motsa."

Sannu-Sannu ya kalle shi ya ce, "Za ka saurara da gaske, Yaya? Sai ka kashe waya. Sai ka leƙa da kanka waje."

"Ji mini yaro. Na girme ka da shekara shida."

Kwana talatin da takwas suna haka. Ba abin da ya faru, kuma rashin faruwar ne ya lalata su. Motar takan isa dogo wajen bakwai da kwata. Jirgin kaya na safe kuwa shida da rabi yake wucewa, yana nan a littafina shafi bayan shafi. Mai Mota ya saba da cewa a wannan lokaci dogo fanko ne.

Ranar Talata shida da rabi ta yi ban ji jirgi ba. Bakwai saura kwata, shiru. Na duba agoguna huɗu, duk bakinsu ɗaya. Na buɗe littafi na rubuta: yau na safe ya makara. Na tsaya ina kallon rubutun. Na san motar ta bar ƙofar gida, na san inda za ta bi. Lambar Mai Mota tana cikin wayata. Na ɗauko ta, na ce a raina zai ce tsohon nan ya fara, na ajiye. Na ɗora ruwan shayi.

Bakwai da minti goma sha shida na ji jirgi ya yi kuka. Ba irin gajeren da yakan yi ba. Dogo ne, bai yanke ba, har ƙarar karo ta zo.

Mai Ɗinki tana cikin motar, za ta sayo yadi, tana zaune daidai bayan direba. Ita ta ba ni labari a gadon asibiti. Ta ce ya tsaya cik. Ya sauke gilashi. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sake dubawa, katanga ce kawai. Ya juyo yana kallon wansa. Wan yana waya, yana ciniki da wani a kan tayoyi, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa don ya ji sosai. Ko kallon taga bai yi ba. Ya cire yatsan, ya buga gwiwar ƙaninsa sau biyu, ya mayar.

"Mu mun ji shi, tsoho," ta ce. "Muna hawa muka ji. Duk motar ta ɗauki salati. Shi kaɗai ne bai ji ba, sai da ya gan shi a taga. Amma bai ruɗe ba. Bai taɓa giya ba, ya take totur har ƙasa. Saura ƙiris mu fita."

Bayan motar jirgin ya ɗauka. Mutum shida suka ji rauni. Dattijo mai ƙwai yana kujerarsa ta kullum, ta can baya. Shi ba a kai shi asibiti ba, a wurin ya cika.

Sannu-Sannu ko ƙwarzane bai yi ba. Da ƙafarsa ya je ya ba da kansa ga 'yan sanda. Bayan kwana uku aka zo da shi gida, da wani jami'in binciken haɗura mai fayil a hammata da ɗan sanda ɗaya, don a ji ta bakin iyali. Maƙwabta muka cika zaure. Mai Ɗinki ma ta zo, hannunta a rataye a wuya. Aka zaunar da shi a kan turmi a tsakar gida.

Mai Mota ya tsaya kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa.

"Ranka ya daɗe, wallahi ɓoye mana ya yi. Ni ranar rakiya kawai na yi, zan duba tayoyi. Na ji jirgi, na ce tsaya, na yi ihu, mutumin nan bai ko juyo ba. A nan na gane. Ɗan'uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma gaskiya ɗaya ce. Da na sani, da na bar shi ya taɓa makulli?"

Sannu-Sannu yana kallon bakin wansa daga ƙasa, daga gefe, inda ba a iya karanta leɓe. Hannun da ke kafaɗarsa kawai yake ji. Ya ɗora nasa a kai, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gode, Yaya."

"Yaro ne mai zurfin ciki tun yana ƙarami," in ji Inna. "Ko ƙaya ta soke shi ba ya faɗa."

Jami'in ya juya ga matar direban. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ni dai na ga ya rage magana. Na ɗauka gajiya ce."

"Ga takardar likita ma," in ji Mai Mota. "Har likita ya ruɗa, bare mu."

Jami'in ya yage takarda ya yi rubutu da manyan baƙaƙe, ya miƙa wa Sannu-Sannu da biro. Ina kusa, na karanta: MUTANEN GIDANKA SUN SAN BA KA JI?

Ya karanta. Ya ɗago ya kalli wansa, wannan karon sosai, a fuska. Na ga lokacin da ya gane. Ya sauke hannunsa daga kan na wan. Ya kalli tsohuwarsa, ya kalli matarsa, ya kalli yaran da aka tara a ƙofar kicin. In aka tafi da shi da wan gaba ɗaya, babu namiji babba a gidan. Wannan lissafin ma shi aka bar wa. Ya ɗora takardar a gwiwar da ake bugawa, ya rubuta: A'a.

Littafina yana aljihuna. Komai na ciki, da kwanan wata: bugu goma sha bakwai, agogon tebur, kwanuka bakwai, kukan ƙusa. Da layin ƙarshe, wanda na rubuta kafin in ɗora ruwan shayi. Don wannan layin hannuna ya kai bakin aljihu ya tsaya. Mutum ɗaya ne kurma a layinmu, kuma shi kaɗai ya yi ta faɗa da ƙarfi cewa akwai jirgi a hanya. Mu masu kunne kowa ya sami abin da ya toshe nasa da shi, wani da tukunya, wani da kunya, wani da waya, ni da littafi. An tatse shi har ƙarshe, yanzu kuma an miƙa masa biro ya wanke masu tatsar da hannunsa.

Jami'in ya karɓi takardar ya sa a fayil. Ɗan sanda ya taɓa kafaɗar Sannu-Sannu, ya miƙe. Mai Mota ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara cewa a kawo wa baƙi ruwa.

Mai Ɗinki ce ta ratsa mu ta shiga tsakar gida. Ba ta kalli kowa ba. Ta tafi jikin bango, ta sa yatsan hannunta mai lafiya ta ɗaga shuɗiyar igiyar daga kan ƙusa ta tsakiya. Ba wanda ya tuna ya cire ta. Ta ɗan ja, bakinta mai madauki ya leƙo ta tagar direban, ɗaya bakin ya motsa a ƙofar Mai Mota.

"Ni ban san doka ba," ta ce. "Amma Inna, Yaya, tunda ba ku san ba ya ji ba, wannan igiyar wa yake jan ta kullum da asuba?"